Iskar da Muke Shaƙa a Jos: Tambayoyi da Amsoshi kan Hayaki, Ƙura, Zafi da Lafiya

Baƙon da ya taso daga Kano ko Sakkwato, da ya sauka a tashar Bauchi Road, abin da zai fara yabawa shi ne iska. Mu ma mun saba jin yabon har mun ɗauka cewa maganar gurɓatar iska da sauyin yanayi ta mutanen Legas da Fatakwal ce. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan yi idan zancen ya taso a majalisa, a asibiti ko a gidan suna, an kuma amsa su gwargwadon abin da bincike ya gano.

Sauyin yanayi da gurɓatar iska, ba abu ɗaya ba ne?

Uwarsu ɗaya, wato ƙona abu: fetur, man dizal, kwal, itace, shara. Halinsu ne ya bambanta. Ƙonawa tana fitar da iskar kabon, wadda ke taruwa a sama ta riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420, kuma shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Wannan shi ne sauyin yanayi, kuma Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan iska.

Gurɓatar iska kuwa ita ce hayaki da ƙurar da ke shiga hanci yau, a nan inda aka tayar da su. A na farko muna da bakin cewa wasu suka ja mana. A na biyu, yawancinsa daga murhunmu, janaretonmu da bolar unguwarmu yake fitowa.

Jos ai garin sanyi ne, a kan dutse. Mu ma abin ya shafe mu?

Garin yana kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa muke da sanyi. Amma sanyin iska ba ya nufin tsabtarta. A daren hunturu iska mai sanyi takan kwanta ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, sai hayaki ya rasa hanyar tashi. Wanda ya taɓa fitowa sallar asuba ya dubi kwarin Dilimi ko gangaren Gangare ya ga wani farin abu kwance a kan rufin kwano, ba hazo kaɗai ya gani ba. Akwai hayakin girkin daren jiya, da na sharar da aka cinna wa wuta da magariba. Ga shi kuma sanyi yana sa mu toshe tagogi, mu shigo da wuta ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna shaƙar iskar da ta wuce ƙa'idarta, kuma gurɓatacciyar iska tana da hannu a mutuwar mutane kusan miliyan 7 kowace shekara.

Mene ne PM2.5 da ake ta ambata?

Suna ne na ƙwayoyin ƙura da toka masu tsananin ƙanƙanta. Sai an jera kusan 30 daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Babbar ƙura, gashin hanci da majina sukan tare ta, a yi atishawa a fyace. Waɗannan kuwa sukan wuce har can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, su tayar da kumburi, kumburin ya bi jijiyoyi. Shi ya sa illarsu ba ta tsaya a tari da asma ba: akwai hawan jini, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon dajin huhu, da haihuwar jariri bakwaini ko maras nauyi. A 2013 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gurɓatacciyar iskar waje cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

A 2021 hukumar ta rage ma'auninta: matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace mita ɗaya ta iska mai faɗi, tsawo da zurfi. A da 10 ne. An rage ne don an ga cewa ko ɗan kaɗan ɗin ma yana cutarwa.

Ban taɓa jin an ce "hayaki ya kashe wane" ba. Ta yaya masu bincike suka sani?

Wannan tambaya ce mai kyau, domin likita zai rubuta ciwon zuciya ko ciwon huhu ne, ba zai rubuta hayaki ba. Ana ganewa ne ta hanyar ƙirga jama'a masu yawa, ba ta duban mutum ɗaya ba.

Abin da ya fara buɗe idon duniya ya faru a Landan cikin Disambar 1952. Sanyi ya tsananta, kowane gida ya hura kwal, iska ta tsaya cik, hayaki ya lulluɓe birnin kwana biyar. Lissafin farko ya nuna mutum kusan 4,000 sun mutu fiye da yadda aka saba, daga baya aka kai shi wajen 12,000. A 1956 Ingila ta kafa dokar tsabtace iska.

Amma wannan kisan farat ɗaya ne. Hayakin yau da gobe fa, wanda ba ya kayar da kowa a titi? Masu bincike daga Jami'ar Harvard sun bi rayuwar manya fiye da 8,000 a garuruwa shida na Amurka na tsawon shekara 14 zuwa 16. Sun rubuta wanda ke shan taba, nauyin kowa, karatunsa da irin aikinsa, don kada a ɗora wa iska laifin sigari. Sakamakon da suka fitar a 1993 ya nuna cewa a garin da ya fi hayaki, yawan mutuwa ya ɗara na garin da ya fi tsabta da kashi 26 cikin 100.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta inda hayaki ya ɗauke kwatsam. A wani kwari na jihar Utah, masana'antar ƙarfe ta tsaya da aiki daga 1986 zuwa 1987 saboda yajin aiki. Yaran da ake kwantarwa da ciwon ƙirji suka ragu sosai. Da masana'antar ta koma aiki, gadajen asibiti suka sake cika. Mutanen ba su canza ba, abincinsu bai canza ba, hayakin kawai aka ɗauke aka mayar.

Sai a 2020 aka samu wata kotun binciken mutuwa a Landan ta rubuta gurɓatar iska ƙarara cikin dalilan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 9 mai asma, wadda gidansu ke bakin babban titi.

Wanne ya fi haɗari, hayakin titi ko na gida?

Cunkoson Keke Napep a Terminus, tirelolin da ke hawa tudu suna aman baƙin hayaki, tayoyin da ake ƙonawa wajen babbakar ganda, duk ba abin wasa ba ne, kuma mai sayar da kaya a bakin titi yana sha daga safe har yamma. Amma ga yawancin matan aure da ƙananan yara, iska mafi muni da za su shaƙa a yini tana cikin madafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayakin girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu da kananzir ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000.

A duba mai tuyar ƙosai ko mai tuwon sayarwa. Tana durƙushe tana fifita wuta, idonta na hawaye, goyonta na baya yana shaƙar abin da take shaƙa, shi da huhunsa bai gama ƙwari ba kuma numfashinsa ya fi nata sauri. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, gidaje da dama da suka saba da gas sun jingine tukunyar sun koma gawayi.

Kakata da itace ta yi girki duk rayuwarta, ta kuma haura shekara 90. Wannan fa?

Allah ya jiƙanta. Akwai kuma wanda ya sha taba shekara 50 bai yi ko tari ba, wannan bai wanke taba ba. Muna tuna waɗanda suka daɗe ne, ba ma ƙirga 'ya'yan da suka binne tun suna goye da "ciwon haƙarƙari", ko tsofaffin da suka ƙare rayuwa da tarin da aka ce na tsufa ne. Sannan ita a tsakar gida mai faɗi take girkinta, iska na kaɗawa. Jikarta a gidan haya take, a wani lungu mai rufin kwano da ƙofa ɗaya, janareton maƙwabci na ruri a bayan taga.

To idan na koma gas, shi ke nan na tsira?

A nan bincike ya zo da abin da masu binciken kansu ba su so ji ba. A Malawi an raba wa ƙauyuka ingantaccen murhu mai rage hayaki, aka bi yara fiye da 10,000. Sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna raguwar ciwon huhu ba. Daga baya aka yi wani babban gwaji da mata masu juna biyu 3,200 a Gwatamala, Indiya, Peru da Ruwanda, rabinsu aka ba su murhun gas da gas ɗin kyauta. Hayakin da suke shaƙa ya ragu ƙwarai, amma nauyin jariransu da yawan ciwon huhu mai tsanani bai bambanta da na sauran ba sosai. A Ibadan kuwa, gwajin da aka yi da murhu mai amfani da man itanol ya nuna hawan jinin masu ciki ya sauka.

Kada a karanta wannan a ce ashe hayaki ba ya komai. Abin da na fahimta shi ne gida ɗaya ba ya tsabtace iskarsa shi kaɗai. Idan ke kin koma gas amma gidaje goma da ke kewaye da ke suna hura itace, ana ƙona leda a bakin kwata, yaronki bai fita daga cikin hayaki ba. Kuma ciwon huhun yara yana da wasu ƙofofin: rashin riga-kafi, tamowa, cunkoson ɗaki. Gas ya fi, babu shakka, ko don ido da ƙirjin mai girkin. Wadda ba ta da halinsa, ta fitar da murhu fili, ta yi amfani da busasshen itace, ta daina hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba, ta kuma sauke goyo ta ba wani ya riƙe nesa da wutar.

Muna shiga da kaskon wuta ɗaki lokacin sanyi, musamman ɗakin mai jego. Akwai laifi?

Akwai, kuma wannan ba ya jiran shekaru, a dare ɗaya yake kisa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda kowa zai ce gajiya ce ko zazzaɓi. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Ita ce dai iskar da ke fita daga janareto, kuma ita ke bayan labaran da muke ji na iyali guda an wayi gari ba wanda ya tashi, a yi ta zargin abinci ko sammu.

A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareto kuma kada ya kwana a baranda, a zaure ko a ƙarƙashin taga don tsoron ɓarawo. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fita waje tukuna, sannan a nemi asibiti.

Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa fa?

Na san taɓa turaren wuta neman faɗa ne da mata. Amma huhu bai san ƙamshi ba, hayaki kawai ya sani. A turara ɗaki da tufafi, a buɗe taga, a bari ya lafa kafin a shigo da jariri ko mai asma. Maganin sauron da ke ci har asuba a rufaffen ɗaki ya fi damuna, don awa bakwai ko takwas ake kwana ana shaƙarsa. Gidan sauro ya fi shi aiki, ba ya kuma hayaki.

Ƙurar hunturu ai daga Allah take, ba mutum ya tayar da ita ba. Ita ma tana cutarwa?

Tana yi. Yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, wanda a da can ƙasan babban tafki ne, yanzu kuwa yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Nuwamba zuwa Maris. Kafin ta iso hancinmu ta gauraya da hayakin ƙunar daji da na gari.

Babbar alaƙarta da cuta ita ce sanƙarau. Akwai ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha da ake kira zirin sanƙarau, arewacin Najeriya na ciki. Annobar takan tashi a tsakiyar rani, ta kwanta da zarar ruwan sama ya sauka. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar da mutum ke ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba ta samu hanyar shiga jini. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar riga-kafin da aka fara yi a yankin daga 2010 ta kusan kawar da nau'in A na ƙwayar cutar, sai nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Takunkumi yana taimakawa?

Na yadi da na asibiti suna tare babbar ƙura, ƙananan ƙwayoyin kuwa ta gefe suke shiga. Wanda ake kira N95 shi ne ke tacewa, idan ya zauna daram a fuska. Babu takunkumin da ke tare gubar gawayi ko ta janareto.

Zafi kansa yana kisa, ko dai wahala ce kawai?

Yana kisa, sai dai a ɓoye, ta hanyar zuciya da ƙoda. Idan zafi ya yi yawa jiki yana tura jini zuwa fata yana zubar da gumi, zuciya ta ninka aiki, ƙoda ta rasa ruwa. Tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari shi ke fara faɗuwa. Zafin 2003 ya kashe mutum fiye da 70,000 a Turai. Kusa da mu, a ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma babban asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farkon watan. Masanan da suka nazarci lamarin sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba. A Gambiya kuma an auna mata masu ciki da ke aikin gona a rana, aka ga bugun zuciyar ɗan tayi yana hauhawa yayin da zafi ke ƙaruwa.

Jos ba ta kai can ba, amma mutanenmu ba a Jos kaɗai suke ba. Direban da ke sauka Lafiya ko Yola, ɗan kasuwar da ke kwana a Abuja, mai zuwa gida Azare ko Gusau da azumi, jikinsu ya saba da sanyi, kuma jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ya zauna da likitansa da malaminsa kafin watan azumi ya kama.

Dattawa na cewa a da babu sauro a Jos kamar yanzu. Sauyin yanayi ne?

Yana iya zama da hannunsa, amma ba shi kaɗai ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana bukatar ɗumi kafin ta girma a cikin sauro, shi ya sa tuddai masu sanyi suke da sauƙinta. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tuddan Habasha da Kolombiya ya nuna cewa a shekarun da suka fi ɗumi cutar tana hawa sama zuwa ƙauyukan da a da ba ta kai ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Sai dai mu ƙara da namu: garin ya cika, kwatoci sun toshe, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ga ramukan lambun rani. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya.

Ina ruwan ambaliya da cuta?

Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa, don haka idan ta sauke shi takan sauke da ƙarfi. Mutanen Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo ba su manta daren Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa ya ci mutum fiye da 30. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da 600 a faɗin ƙasar, a Satumbar 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Bayan ruwa ya janye sai ciwo ya shigo, domin masai da rijiya sun zama ɗaya. A unguwannin da rijiya ke taku kaɗan daga shadda, ko ba a yi babbar ambaliya ba, ruwan farkon damina ya isa ya kawo amai da gudawa. A 2021 an samu waɗanda ake zargin sun kamu da kwalara fiye da 100,000 a Najeriya. Tafasa ruwa ko sa masa sinadarin kulorin, da ajiye gishiri da sukari na asibiti a gida, su ne abin yi tun kafin hadari ya haɗu.

An taɓa gyara irin wannan matsala kuwa, ko surutu ne kawai a taro?

An taɓa. Shekaru da dama ana zuba dalma a fetur, tana fita ta salansa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Wanda ke shakkar abin da ƙurar dalma ke yi ya tuna Zamfara a 2010, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe yara kusan 400.

Najeriya tana da hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, NESREA, tun 2007, da dokar sauyin yanayi ta 2021. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen shekara da gargaɗin ƙura da zafi. Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Na'urorin auna iska ne suka yi kaɗan a garuruwanmu, kamar yadda suke a yawancin Afirka, har ya zama yawancin alƙaluman da ake faɗa game da mu daga tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta ake samo su.

Yaushe tarin yaro ya wuce na gida, sai asibiti?

A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif, yana kwance ba ya kuka. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. A ɗaga rigarsa a duba: idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana ta barcin da ba a iya tashinsa, ko leɓɓansa sun canza launi, kada a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye. Haka zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a lokacin rani, ga yaro ko babba. Idan an je, a gaya wa likita da me ake girki a gidan, a ina ake yi, da kuma ko an kwana da wuta a ɗaki.